Ɗakin Siminti da Na Gina wa Inna

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata. Na manta fuskokin mutanen da muka yi shekaru muna ciniki tare, har kamiyon da na fara hawa zuwa Katsina ba zan iya tuna launinsa ba. Amma ginin gidana na farko a Madarunfa, da abin da na yi wa mahaifiyata a kan ɗaki ɗaya na cikinsa, wannan kam ba zai bar ni ba sai ranar da aka sa ni a ƙasa. Yau na tsufa, gwiwoyina sun fara yi mini irin abin da nata suka yi mata, shi ya sa nake ganin lokaci ya yi da zan faɗe shi yadda ya faru, ba tare da na wanke kaina a ciki ba.

Shekaru kaɗan ne bayan samun mulkin kai, babban fari bai zo ba tukuna, gyaɗa kuma tana ci a ƙasar Maraɗi. Ni a lokacin ina da shekara talatin da 'yan kai. Da kaka ina yawo da sikeli ƙauyukan Gabi da na Sarkin Yamma, ina saye wa wani attajiri na Maraɗi gyaɗa, da rani kuma in bi hanyar Ɗan Issa in ɗauko atamfa da kwanonin abinci daga Katsina. Damina uku a jere Allah ya ba da albarka, na kama bakina na kama hannuna, har na tara dala dubu talatin, ban da kuɗin fili. Ni da matata a gidan wani abokina muke zaune, ɗaki biyu na aro. Sai na sayi fili a gefen gari, inda in ka tsaya da safe kana hango tafki, na ce ni ma zan yi gida.

Kafin in ci gaba sai na bayyana wani abu, domin yaran yanzu ba lalle su gane shi ba. Ni ne ɗan farin mahaifiyata. A wurinmu a wancan zamani uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kunya ce, kuma mace tana samun daraja da ita. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata, a can na girma. Inna kuwa tata kunyar ta fi ta sauran mata. In na je ƙauye na durƙusa a bakin ƙofarta na gaishe ta, sai ta amsa tana kallon bango, sa'an nan ta ce wa ƙanwata a ba baƙo ruwa. In tana da magana da ni, sai ta faɗa wa duk wanda ke kusa, ni kuma in tsinta. Akwai ranar da babu kowa a gidan sai kaza, ai kuwa kazar ta faɗa wa cewa hadari ya taso, mai nisa ya kamata ya kama hanya.

Na san al'ada ce, kowa ya sani. Amma abin da kai ya sani daban, abin da zuciya take so daban. Ina jin ta tana ƙwala wa ƙannena kira da sunayensu daga bakin gona, tana yi musu faɗa, tana yi musu dariya, ni kuwa ko faɗan ban taɓa samu ba. Da na tashi gini, abin da na gaya wa mutane shi ne mahaifina ya rasu, ɗakin Inna na ƙauye ya tsufa, zan dawo da ita kusa da ni. Gaskiya ne. Amma a ƙarƙashin wannan akwai wani abin da ban gaya wa ko matata ba. So nake in gina mata ɗakin da in ta gan shi za ta manta da kanta, ta juyo ta dube ni ido da ido ta ce na kyauta. Sau ɗaya tak nake so.

Maginin da na ba aikin dattijo ne, siriri, mai furfura a gemu, wanda ya yi gini da ƙasa tun yana yaro, daga baya kuma ya yi aikin siminti a gine-ginen gwamnati a Maraɗi. Shi yake karɓar aiki gaba ɗaya: ya nemo masu tubali, ya nemo azara, ya sallami leburori, kai dai ka ba shi kuɗi ka karɓi gida. Baba nake ce masa. Ranar da muka yi magana, a gindin tsamiya muka zauna, ya share ƙasa da tafin hannu ya zana gidan da tsinke: zaure, ɗakuna uku, madafa, katanga. Sai ya sa hannu a buhun da na jingina da shi ya ƙirgo gyaɗa talatin, ya ce kowace ɗaya dala dubu ce. Ya riƙa ajiye su cikin zanen, nan biyar, nan huɗu, nan uku, yana faɗin abin da kowace za ta saya. Da ya gama, shida suka rage a hannunsa.

"Waɗanga shida su ne na marmari," in ji shi. "Gida ya tashi ko babu su. Da su za ka zaɓi abin da ranka ke so, amma ba su isa komi da komi ba. In kwano kake so, ɗaki guda za su rufa. In siminti ne a ƙasa, ko ƙyauren ƙarfe, ko zane a goshin zaure, kowane da kuɗinai. In ni ne kai, sai in raba su. In shafe bangon gabas da siminti, tun da nan ruwa ke duka, in sa ƙyaure mai ƙwari a zaure, sauran in ajiye don gyaran baɗi."

Ban ko bari ya rufe baki ba. Na kwashe gyaɗar nan shida na zuba su cikin ɗaki ɗaya, na ce wannan na Inna ne. A rufa shi da kwano, a zuba siminti a ƙasa, a shafe bangon ciki, a sa taga ta ƙarfe, abin da ya rage in sayo gadon ƙarfe mai rumfa daga Katsina. Ya dubi gyaɗar, ya dube ni, ya ce, "Ɗana, ka tambayi mai ɗakin?" Na yi dariya na ce wa ake tambaya ko yana son zuma. Sai ya share zanen da ƙafa.

Abokaina sun so in yi wa zaure ado, don a nan ake ganin arzikin mutum. Matata kuwa, da na gaya mata, ba ta ɓata rai ba. Tsokanata kawai ta yi, ta ce ita dai ko 'yar taga a huda mata, ta riƙa hango kwanon Inna tana jin daɗi. Mace ce mai sauƙin kai, kuma ta fi ni fahimtar Inna nesa ba kusa ba, amma wannan sai daga baya na sani.

Gini ya kai ƙirji lokacin da Inna ta zo gani. Ranar kasuwa ce, ta biyo mutanen ƙauyenmu a kan jaki. Na tarye ta na durƙusa, ta amsa wa iska kamar yadda ta saba, ta wuce ni ta nufi magini. Suka gaisa, ya zagaya da ita. Ni ina can gefe wurin bandir ɗin kwanon da aka sauke, ina ɗaga su ɗaya-ɗaya don rana ta haska su, ko za ta waiwayo. Ba ta waiwayo ba. Sun daɗe a tsaye cikin ɗakin nata da ba shi da rufi, tana magana ƙasa-ƙasa, tana nuna wata kusurwa da sandarta, shi kuma yana gyaɗa kai.

Washegari da hantsi ya kira ni gefe. Ya ce, "Tsohuwa ta bar saƙo. Ta ce a hwaɗa ma maigida, in da hali, ita ɗakinta a yi mata rufin azara da ƙasa, a yi mata daɓe irin na gida, kuma a kusurwar can a gina mata gadon ƙasa mai ramin wuta. Ta ce kwanon a kai shi ɗakin matar gida, su yara ne, su za su more shi. Ta kuma ce..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Gadon ƙasa! Irin wanda ake ginawa jikin bango, a bar rami a ƙasansa a zuba garwashi, tsofaffi da masu jego su kwanta a kai su ji ɗumi. Kowane ɗakin ƙauye yana da shi, kuma kuɗinsa bai kai rabin gyaɗa ɗaya cikin shidan nan ba. Na ji kamar an watsa mini ruwa a fuska. Shekara uku ina hana kaina nama, ga shi ana ce mini a yi laka. Kuma da yake ni ɗan kasuwa ne, zuciyata ta tafi inda ta saba zuwa. Na ce a raina, rufin kwano aikin kafinta ne, rufin ƙasa kuwa aikin magini ne, ashe tsohon nan aljihunsa yake yi wa magana. Ban tsaya a raina ba, na faɗa masa a fuska. Har yau in na tuna yadda ya sunkuyar da kai, kunya takan rufe ni.

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Ni ɗan aike ne, ɗana. Kuɗinka ne, abin da ka ce shi za a yi. Amma ka sani, da tana iya hwaɗa maka da bakinta, da ba ni ta hwaɗa mawa ba."

Wannan magana, maimakon ta sanyaya ni, sai ta taɓa ainihin inda yake mini ciwo. Kasuwa ta zagayo, Inna ta sake zuwa, da 'yar ƙwaryar fura ta kawo wa ma'aikata. Tana tsaye bai fi taku biyar daga inda nake ba. Na ɗaga murya, wai da magini nake, na ce, "Baba, gobe a ɗora kwano. Gidan nan nawa ne, ina raye, ina da kunne. Duk mai son wani abu a cikinsa ya faɗa mini da bakinsa, ni ba na karɓar saƙo."

Har masu kwaɓa ƙasa suka tsaya da aiki. Ni kuwa ina jira. Wallahi da ta juyo ta ce mini ko da "kai" ne, da a take na sa an mayar da kwanon Katsina, an gina mata gadon ƙasa ko guda goma ne. Abin da nake nema ke nan. Ban lura ba cewa abin da nake nema shi ne ta tuɓe kunyar da ta riƙe shekara talatin, a gaban leburori, don ta sami wurin kwana. Ta gyara lulluɓinta, ta ajiye ƙwaryar a inuwa, ta ce wa magini, "Malam, Allah shi ba da sa'ar aiki." Ta tafi. Ba ta sake ta da maganar ba har abada.

Aka gama gida bayan kaka, aka yi sadaka, Inna ta tare. Ɗakin kam ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Mata suna zuwa daga unguwanni su leƙa, su taɓa siminti da tafin ƙafa, su ce wannan tsohuwa ta haihu. Ina zaure ina jin su, kaina yana kumbura. Inna ta ce wa matata Allah ya yi wa masu gida albarka, ni kuma na tsinci albarkar daga bakin ƙofa kamar kullum. Na ce a raina ba komai, in ta kwana biyu ta ji daɗin ɗakin za ta yi magana.

Da bazara ta shigo, ɗakin ya zama tanda. Tun hantsi ba ya shiguwa, sai Inna ta ɗauki tabarmarta ta koma gindin bangon madafa, tana bin inuwa tana matsawa har la'asar. Da damina, in ruwa ya sauka a kan kwanon nan, ko maganar wanda ke kusa da kai ba ka ji, ita kuwa mace ce da ta saba ruwa ya sauka a kan ƙasa shiru. Amma duk wannan wasa ne a kan lokacin ɗari. Wanda bai zauna kusa da tafkin Madarunfa ba bai san irin sanyin da yake tasowa daga ruwa da asuba ba, mai shiga ƙashi. Kwano ba ya riƙe ɗumi, siminti kuma ya yi ta tsotse na jikin mutum. Gadon ƙarfen da na yi alfahari da shi ya yi wa gwiwoyinta tsawo, hawansa wahala, saukarsa tsoro. Ashe tun makon farko ta daina hawa. Kullum da safe takan gyara shimfiɗarsa ya yi lumui don masu leƙowa, ita kuwa a ƙasa take kwana, a kan tabarma, a kan siminti.

Matata ce ta gaya mini, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ita take kai mata kaskon wuta, ita take shafa mata man shanu a gwiwa. Ta ce, "Maigida, ɗakin nan ba ya yi ma Inna. Ka kira Baba magini." Ni kuma kowane lokaci sai in amsa da abin da na iya, wato saye. Na sayo bargo mai nauyi daga Katsina. Na sayo darduma. Na sayo fitilar ƙwai. Duk abin da za a ce kuɗi ne ya kawo shi, na kawo. Abu ɗaya da aka roƙe ni, wanda kwandon ƙasa ashirin zai yi, shi ne na ƙi, don in na yi shi na yarda ke nan na yi kuskure a gaban mutane. Kuma can ƙasan raina ina nan ina jiran ta gaji ta faɗa mini da bakinta. Ku dubi irin wannan taurin kai, mutum da gemunsa yana gasar shiru da uwar da ta haife shi.

A ɗari na biyu ta fara tari. Matata a lokacin tana da ciki wata biyar. Na yi tafiya Ɗan Issa na kwana uku, na dawo da hantsi, ina shiga gida sai na ga jaki a tsakar gida da mangalar ƙasa, ga magini tsugune a cikin madafa yana auna bango da taƙi. Rabona da shi tun ranar da ya ba ni gida, don kunyar abin da na faɗa masa ta sa ina kauce masa a kasuwa. Na tambaye shi lafiya. Ya miƙe a hankali ya karkaɗe hannunsa.

"Tsohuwa ta aiko a kira ni," in ji shi. "Ta sai da akuyarta guda, ta ce in gina mata gadon ƙasa."

Na ce, "A madafa?"

Ya ce, "Nan ta ce. Na ce mata ai ɗakinta ya fi, in fasa kusurwa guda in gina. Ta ce a'a, kada a taɓa simintin nan, mai shi ya sha wuya kahin shi same shi. Ta ce kuma kada mutane su shigo su gani su ce ɗakin bai yi ba."

Na dubi madafar. Rumfa ce ta kara mai rabin bango, duk baƙin hayaƙi, ga tukwane, ga kaji suna tono. Nan mahaifiyata ta zaɓa ta kwana, cikin gidan da na ce don ita na gina, don kada ta ɓata mini suna. Shekara biyu ina cewa ba ta yi mini magana ba. Ashe kullum magana take yi, da gadon da take gyarawa ba ta hawa, da inuwar da take bi ba ta ƙorafi, ni ne ban ji ba. Na zauna a kan turmi. Na roƙi magini gafara a kan maganar da na yaɓa masa. Ya ce ya daɗe da yafewa, ya kuma zaro kuɗin akuyar daga aljihu ya ba ni, ya ce dama bai yi niyyar riƙe su ba, in mayar mata.

Da hannuna na fasa simintin. Na ari guduma, na shiga ɗakin, na fitar da gadon ƙarfe tsakar gida, na yi ta dukan kusurwar da ta nuna da sandarta tun ginin yana ƙirji. Maƙwabta suka leƙo suna tambaya ko lafiya, ban kula kowa ba. Ƙasar da jaki ya kawo ba ta isa ba, sai na tuɓe riga na ɗauki kwando na nufi kududdufin bayan gida. Rabona da ɗaukar kaya a ka ya fi shekara goma. Sawu uku na yi, kwandon ya fara cin tsakiyar kaina, wuyana yana rawa.

Inna tana zaune a rana jikin bango, lulluɓe da bargon Katsina, tana tari. Na zo wucewa a sawu na huɗu, sai na ji muryarta, a dishe. Ta ce, "Malam, ka ce ma mai ɗaukar ƙasar nan shi sa gammo." Na tsaya cik. Ba ta dube ni ba. Ta kwance tsohon ɗankwalin da ke ƙarƙashin lulluɓinta, ta naɗe shi a hankali har ya zama gammo, ta ajiye shi a ƙasa gefenta, ta kau da kai. Magini bai maimaita saƙon ba, ya san na ji. Na sauke kwando, na durƙusa na ɗauka, da sauran ɗumin kanta a jikinsa. Na ɗora a kaina na koma kududdufi, a can na yi kukan da ban yi ba ko ranar da mahaifina ya rasu.

A kwana biyu magini ya gama gadon, ya shafe shi sumul, ga bakin ramin wuta a gefe. Na ce a hura wuta yau. Ya ce ba ya yiwuwa, in aka hura wa ɗanyen gini wuta tsagewa zai yi, sai ya sha iska kamar kwana goma. Na roƙe shi ko da dabara, ya ce ƙasa ba ta san gaggawa ba. Muka mayar da Inna ɗakin matata, mai daɓe da rufin azara, inda ya kamata a ce tana ciki tun farko. Tarin ya sauka ƙirji, zazzaɓi ya biyo baya. Na kai ta wurin likita aka yi mata allura, na kawo malamai suka yi addu'a. Kowace safiya nakan shiga ɗakin siminti in ɗora tafin hannu a kan gadon, in ji har yanzu da sanyin laima.

Ranar kwana na takwas, rana ta ɗan ɗaga, Allah ya karɓi abarsa. Matata ce a kanta. Ni ina bakin ƙofa, inda na saba zama.

Ba zan ce ɗakin ne ya kashe ta ba, ajali ba ya jiran gini. Amma shekara biyun ƙarshe na rayuwarta, da ya kamata ta yi su cikin ɗumi da hutu, ni na sa ta yi su a kan siminti, kuma wannan ba wanda zai ɗauke mini shi. Ranar sadakar bakwai, da mutane suka watse, magini ya matso kusa da ni. Ya ce akwai sauran saƙon nan na farko, wanda na katse shi bai ƙarasa ba, ya riƙe shi shekara biyu yana neman ranar da zan iya ji. Na ce ya faɗa. Ya ce, "Cewa ta yi, gadon in ya yi mata kwana biyu, in ta tahi sai shi yi ma masu jego. Ta ce gidan ɗanta ba ya rasa haihuwa in Allah ya so." Ɗanta ta ce. A gaban magini ta faɗa, tun ginin yana ƙirji, ina can gefe ina ɗaga kwano a rana.

Bayan wata huɗu matata ta sauka. A ɗakin siminti ta yi jego, kuma ita ce ta fara kwana a kan gadon nan, da garwashi a ƙasansa da jaririya a gefenta. Mace aka samu, aka sa mata sunan Inna. Daga ranar bakina bai taɓa furta sunan yarinyar nan ba, don sunan mahaifiyata ne. Inna ƙarama nake ce mata, har yau da take da jikoki. Duk cikin 'ya'yana babu wadda take raina kamar ita, kuma ita kaɗai ce ban taɓa kira da sunanta ba. Sai da na ɗanɗana wannan da kaina na gane abin da na yi shekara talatin ina zargin Inna a kansa.

Kwanon ya yi tsatsa tuni an sauya shi, gadon ƙarfen ban ma san inda ya ƙare ba. Gammon yana nan cikin akwatina. Na gina gidaje biyu bayan wannan, kuma kowane lokaci aka zo kan kuɗin marmari, sai na bi duk wanda zai kwana a ciki na ji abin da yake so, in mai kunya ne in nemi wanda yake iya faɗa wa. Abin da na koya shi ne, in za ka yi wa mutum alheri, ka duba da kyau ko shi kake yi wa ko kanka. Kuma wanda yake ƙaunarka, ka saurare shi ta hanyar da yake iya magana, kada ka ce sai ta hanyar da kai kake so. Ni na jira kalma ɗaya daga bakin Inna har na hana ta wurin kwana, alhali ta riga ta faɗe ta, ni ne na katse ɗan aiken. Allah ya jiƙanta, ya sa ta fi jin ɗumi a inda take.